Maman Favour da Jan Tum-tum na Dukawan Tsafe

Kafin masu shayin bakin titi a Sabon Gari su gama hura wuta, Dibora Yohanna ta riga ta buɗe shagonta. Ba sammako take so ba, layin waya ne ya tilasta mata. A Gusau, mai son shiga intanet sai ya riga ma'aikatan gwamnati isa ofis, domin da zarar sun zauna sun fara buga wa dangi waya suna tambayar jikin Inna, layi ya cunkushe ke nan sai la'asar. Takan share shago, ta yaye tsohuwar atamfar da take lulluɓe kwamfuta da ita, ta duba ko akwai wuta. In babu, kuma yawanci babu, ta zagaya baya ta ja igiyar janareta da kanta. Sannan ta zauna ta sa na'ura ta kira Kaduna, inda kamfanin da ke haɗa ta da intanet yake. Wani ɗan akwati da ake kira modem ne yake yin kiran, yana ƙara kamar an taka kyanwa. Wata rana ya shiga nan take. Wata rana ta sha kokonta ta wanke kofi yana nan yana kuka.

Idan layi ya shiga, ba saƙonninta take fara dubawa ba. Shafukan mutanen da ta yi wa aiki take bi ɗaya bayan ɗaya, ta tabbata kowanne yana nan yadda ta bar shi jiya. Ba su da yawa, kuma babu wanda ya sa ta. Akasarin masu shafukan ma ba su taɓa ganin nasu a kan kwamfuta ba.

Ba za ku ga sunanta cikin waɗanda aka ba lambar yabo ba. Tun da aka ba mu jiha na halarci bukukuwan karramawa har na ƙoshi. An karrama wanda ya sa hannu a takardar gina rijiya, an karrama wanda ya zo yanke ƙyallen buɗe ta, rijiyar kuwa har yau ƙadangaru ne a ciki. Shi ya sa na ga gara a ɓata wannan fili a kan wadda na ga aikinta da idona.

'Yar ƙasar Zuru ce, aure ya kawo ta Gusau tun muna ƙarƙashin Sakkwato, mijinta Yohanna yana aiki a masaƙa. A Sabon Gari Maman Favour ake ce mata, da sunan 'yarta ta fari. Ta fi rabin rayuwarta tana buga tafireta a wani ofishin gwamnati, tana gyara Turancin mutanen da suka fi ta albashi ba tare da sun sani ba. Da kwamfuta ta iso ofishin, sai aka kai ta ɗakin oga aka ɗora mata fure, aka kulle. Dibora ta yi ritaya ba ta taɓa ta ba. Abin da aka sallame ta da shi ta kai Kano ta sayo tsohuwar kwamfuta da firinta da sikana, wato na'urar da ke ɗaukar hoton takarda ta shigar da shi kwamfuta, ta kama shago. Tana buga wa ɗalibai aikin makaranta, tana buga katin biki, tana aika wa iyaye saƙon imel zuwa ga 'ya'yansu da ke karatu a waje. A nan na san ta, domin ina da 'ya a Sudan.

Yin shafi kuwa da kanta ta koya, tana da jikoki. Ga wanda bai sani ba, shafi a intanet kamar allon talla ne da aka kafa a kasuwar da ba ta tashi, wanda ke Landan da wanda ke Jidda duk za su iya tsayawa su karanta. Kayan aikinta kusan duk na kyauta ne da ta tsinto a intanet ɗin. Akwai kamfanin da ke ba kowa ɗan fili ya ajiye shafinsa, shi kuma ya liƙa tallarsa a sama. Akwai ɗan firogiram na rage nauyin hoto, domin hoto mai nauyi ba ya wucewa ta layinmu. Akwai wani na ɗaukar aikin daga kwamfutarta ya kai can. Sannan akwai wani zauren imel na masu irin sana'ar, inda in ta jefa tambaya yau, gobe wani a Indiya ko Kanada da bai san ta ba ya amsa mata. Sauran kuma haƙuri ne, shi ba a sauko da shi daga ko'ina.

Tana da ƙa'ida ɗaya da na san ba a wancan zauren ta koya ba. Ba ta ɗora sunan mutum a intanet sai ya ga abin da za a ɗora. Idan ta gama shafi sai ta buga shi a takarda, ta hau mota zuwa inda mai shi yake, ta zauna a gabansa ta karanta masa Turancin da Hausa layi-layi, ta nuna masa kowane hoto. Hajiya Husaina ta Bunguɗu, shugabar matan da ke matsar man gyaɗa, ta shaida mini haka aka yi da su. Ta kuma shaida mini cewa wata rana Dibora ta sake zuwa ba a kira ta ba, ta ce ta zo neman gafara: da safe ta buɗe shafinsu ta tarar kamfanin ya liƙa tallar wata Baturiya da kayan wanka daidai saman sunan Hajiya. Ta riga ta kwashe shafin ta mai da shi wani wuri kafin ta taso. Babu mahaluki ɗaya a Bunguɗu da zai taɓa gani, kuma in ta yi shiru babu mai sani. Hajiya ta ce ta yi dariya har da hawaye, sannan ta cika mata galan da mai.

Ke ce, Dibora, ranar da na zo miki da saƙon rasuwar mai ɗakina a aika wa 'yarmu, kika karanta kika kife takardar, kika ce bari mu fara nemo wanda zai je ya zauna kusa da ita. Kin wuni kina neman ɗalibar da ke ɗaki ɗaya da ita. Ko godiya ban yi miki ba ran nan. Ba na cikin hayyacina.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar dukawan Tsafe.

Malam Haruna baduku ne, ɗan baduku, ya haura saba'in. Layin dukawan da ya taso a ciki ya zama 'yan rumfuna da ba su taka kara sun karya ba, domin jakar roba da takalmin roba da kujerar soso sun cinye kasuwar. Ɗansa Jibril, wanda ya fi kowa hannu a gidan, ya ajiye basilla ya tafi Gusau yana acaɓa da babur ɗin wani. Tsohon ya riga ya faɗa wa maƙwabta cewa in damina ta wuce a haka, zai rufe rumfar ya koma gona. Jar fatar akuyar ƙasar nan ta yi ɗaruruwan shekaru tana ƙetare hamada, Turawa suna saye suna kiran ta fatar Maroko. Ko a zamanin da muke da kasuwa ba mu da suna. Yanzu kasuwar ma za ta tafi.

Dibora ta je wurinsa ne a ɗinka wa Littafinta Mai Tsarki gida, bangon ya yage. Ya auna littafin da tafin hannu, ya yi mata irin gafakar da yake yi wa malamai, bai tambaye ta komai ba. Tana jira ta ga tum-tum jere a bayan rumfa, irin matashin fata mai da'ira da ake jingina da shi a falo, sun sha ado da ƙura. Ta ce masa za ta sa su a intanet. Ya ce a talabijin? Ta ce kusan haka. Ya ce in ba a biya, ta sa. Ta dawo da Samuel mai hoto, aka jera kaya a rana aka ɗauka, ta yi shafi, ta kawo masa a takarda ta karanta masa kamar yadda ta saba. Ya duba waɗanda ya fi ji da su a tsakiyar hoton, ya ce sun fito. Daga shi har ita babu wanda ya kula da wani ja guda a can gefen hagu, wanda aka harhaɗa aka ajiye ba a kai ga yi masa ado ba.

Watanni suka wuce shiru. Sai wata safiya saƙo ya shigo daga wata mata mai shagon kayan ɗaki a ƙasar Holan. Ta ga shafin, tana son tum-tum masu yawa, yawan da zai riƙe layin dukawan gaba ɗaya har bayan kaka, kuma in sun karɓu za ta riƙa saye. Amma wancan take so, jan nan na gefen hagu, marar ado ko ɗaya.

Ran nan Dibora ba ta buga wa kowa kati ba. Ta rufe shago ta nufi Tsafe, ta karanta wa Malam Haruna saƙon, ta sa yatsa a kan hoton, ta ce irin wannan, ja zalla. Ya gyaɗa kai. Ya tara dukawan da suka rage, ya aika Jibril ya dawo gida, ya kwashe fatun kirki da ke majema. Rumfar da ake shirin rufewa ta koma ba wurin zama.

Ranar ɗaukar kaya Dibora ta zo da Manu, direban a-kori-kura da zai kai su Kano wurin masu aikawa ta jirgi. Shi ya ba ni labarin, Malam Haruna kuma bai musa ba. An shimfiɗa tabarma a gaban rumfa aka fara fito da kaya, a kwance ba a cusa musu komai ba, yadda ake aikawa. Na farko da aka ajiye, Dibora ta matso ta duba. Jan yana nan, amma an bi shi da korino, koriyar fatar nan da dukawa ke ado da ita, da rawaya da baƙi, an yi masa tauraro a tsakiya, an zagaye shi da geza. Na biyu ya fi na farko. Wajen rabin kayan haka suke, sauran suna jiran layi.

"Baba, waɗannan na wa ne?"

"Na baƙuwarki mana. Dibi korinon ga. Rabona da yin irinai tun ina da ƙarhina."

"Ai marar ado ta ce, Baba. Na karanta maka, na maimaita."

"Na ji ki sarai, Malama, ba kurma ni ke ba. Mutum ya taso daga nesa ya zaɓi na araha, ko kunya ta hana shi, ko aljihu ya gaza. Ke in kin auni gero kasuwa ba a yi maki gyara? To ga gyaranta. Ba ni ƙara mata ko kwabo."

Manu ya ce, "Ni dai a ɗora mini kaya rana na yi. Baturiya in ta ga wanga ado har auren Baba sai ta nema."

"Kai da tuƙi anka san ka, shi ma ba ka iya ba," in ji tsohon, aka yi dariya.

Dibora ba ta yi ba. Ta tsuguna ta juya ɗaya ta duba cikinsa. Ado a fata ba ya warwaruwa, ko an zare zaren, ramin basilla yana nan har abada. Ta san abu mafi sauƙi shi ne ta bari a ɗora, kaya su yi tafiyarsu, in rigima ta tashi ta tashi a wata ƙasa. Ta kuma san in matar ta buɗe ta ga ba abin da ta saya ba ne, daga wannan ba za a ƙara ba, kuma fatun sun riga sun tafi.

"Baba, ba za a ɗora ba."

Ta miƙe tsaye, ta ci gaba.

"Abin da ta gani a hoto shi ta saya. In na aika mata wani abu daban, na yi mata ƙarya, kuma da sunanka na yi."

"Wancan da tag gani ba a gama shi ba," in ji Malam Haruna, muryarsa ta sauka ƙasa. "Aje shi anka yi gehe, mai hotonku ya haɗa da shi. Tsirara ya ke. Ubana bai taɓa hidda aiki tsirara daga rumfar ga ba. Ni za ni fara? Zuwa ƙasar da ba a san ni ba, a ce ga aikin Haruna na Tsahe, ko hure bai iya ba?"

"Laifina ne da ban tambaye ka a kan wancan ba tun farko. Na ɗauka. Abu ɗaya nake roƙo, waɗanda ba a taɓa ba kada a sa musu basilla sai na dawo."

Tsohon ya dubi kayan da ke kan tabarma, ya yanke magana.

"Na ba ki zuwa Juma'a ta sama. In ba ki zo ba in gama aikina yadda na iya, in ruhe rumfata da mutuncina."

Manu ya koma Gusau da mota wayam, sai tum-tum ɗaya mai ado a cinyar Dibora, shi kuwa yana ta mita har Kwatarkwashi.

Samuel ya ɗauki hoton wannan ɗin ya wanke, Dibora ta shigar da shi kwamfuta ta rage masa nauyi, ta rubuta saƙo. Sai aka yi ruwa da iska, turken waya ya faɗi a unguwarsu, layi ya mutu murus. Ta je ofishin waya aka ce ana kan aiki, wanda duk ɗan Najeriya ya san ma'anarsa. Mijinta ya ce mata, "Mama, ki bar su mana, ke kika ɗinka?" Ta ce ba ita ta ɗinka ba, amma ita ta kafa allon. Ta kwafi saƙon da hoton a faifan fulofi, ɗan faifan da ake ɗaukar aiki da shi daga wata kwamfuta zuwa wata, ta naɗe shi a leda ta sa a jaka, ta hau motar Kaduna, ta aika daga shagon wani.

Na ga abin da ta rubuta, domin daga baya na roƙa ta nuna mini. Ba ta ce an sami ɗan jinkiri ba, irin ƙaryar da muke yi wa juna kullum har mun daina jin ta a matsayin ƙarya. Ta faɗi abin da ya faru yadda ya faru. Ta yi wa matar bayanin gyara, cewa a kasuwarmu mai sayarwa yana ƙara wa mai saye wani abu a kan abin da ya biya don girmamawa, kuma tsohon nan ya ƙara mata abin da ya fi tsada a wurinsa. Ta ce rabin kayan suna nan ba a taɓa ba. Ba ta yi magiya ba. A ƙarshe ta roƙi abu ɗaya: matar ta aiko da hoton wurin da za ta ajiye su, domin mai aikin ya gani.

Ta kwana gidan 'yar'uwarta, da safe ta koma ta tarar da amsa, gajeruwa. Matar ta ce adon yana da kyau, amma ba shi ta saya ba, kuma ba zai sayu a shagonta ba. In babu marar ado, a bar maganar. Ta dai haɗo da hoton. Dibora ta sa aka buga mata shi mai launi a can, don firintarta baƙi kawai take fitarwa, ta hau mota ta sauka a Tsafe ba ta ƙarasa gida ba. Ranar Alhamis ce.

Malam Haruna ya karɓi takardar ya nisanta ta da idonsa. Ɗaki ne fari fat, bango fari, daɓen katako, taga babba, kujera ɗaya da fitila ɗaya.

"Wanga ne shagon?"

"Shi ne, Baba."

"Ɓarayi sunka shiga?"

Jibril ya fashe da dariya. Dibora ta ce, "Babu abin da aka sata. Haka take so."

"Haka ta ka so. Allah sarki."

Amma bai mayar da takardar ba. Ya ɗora babban yatsa a kan daɓen, kusa da tagar.

"Nan za ta aje shi?"

"Ina jin nan ne."

"Babu wani launi ɗakin ga. Kowa ya shigo shi kaɗai za ya gani."

Ya ce wa Jibril ya miƙo masa ɗaya daga cikin marasa adon. Ya fita da shi rana, ya shimfiɗa a gwiwa, ya bi shi da tafin hannu a hankali. Ya tsaya a wani wuri, ya kankara da farce, ya ajiye shi gefe. Ya ce a ba shi wani. Shi ma ya ajiye gefe. Na uku ya daɗe a kansa, ya bi ɗinkin da yatsa har ya zagayo, sannan ya ajiye shi a damansa.

"Malama, kin san amfanin ado? Inda kaska tac ci akuya, inda wuƙar mahauci taz zame, nan mu ka ɗora hure. Matar ga ta hana ni wurin ɓuya." Ya sake duban hoton. "Ashe ba na araha taz zaɓa ba."

Dibora ba ta ce ai na faɗa maka ba. Wannan kaɗai ya isa a ba ta lambar yabo a garin da kowa ke jiran ranar da zai faɗi haka.

Ya wuni yana tantancewa. Waɗanda suka tsira ba su kai yadda aka so ba, wasu kuma ya sa aka warware ɗinkin aka sake, don ya ce layin da ba geza a kansa dole ya miƙe. Da za ta tafi ya biyo ta bakin titi.

"Ƙasansa fa? Wurin da ka taɓa daɓe. Tana da magana a kai?"

"Me za ka yi a can?"

"Ɗan tauraro na korino, kamar tahin jinjiri. Kowa ba ya gani. Ni dai in san ban hidda shi tsirara ba."

"Sai na tambaye ta."

"Har wanga sai an tambaya?"

"Har shi, Baba."

Ya girgiza kai ya ce bai taɓa ganin mace mai taurin kai irinta ba, sannan ya tsayar mata da mota da kansa.

An gyara layi a makon. Ta tambaya, ta kuma nemi a karɓi kayan kashi biyu, waɗanda suka tsira yanzu, sauran in an jeme sababbin fatu. Matar ta yarda da duka biyun. Manu ya ɗauki kashin farko zuwa Kano, yana cewa a wannan karon ko Baba ya yi musu ado da zinariya sai ya ɗora. Masu adon nan kuwa ba zan yi muku ƙarya ba, Dibora ta buɗe musu shafi nasu, wani ɗan Najeriya a Amurka da kewar gida ta dama ya sayi kaɗan, sauran suna nan a bayan rumfa suna jiran mai rabo. Asara ce, kuma tsohon ya san asara ce.

Amma damina ta wuce ba a rufe rumfar ba. Jibril ya mayar wa mai babur babur ɗinsa. Bayan kashi na biyu matar ta sake neman wasu, ta haɗo da sabon hoto ba a roƙe ta ba. Ɗakin nan ne fari, jajayen tum-tum a ƙasa kusa da taga, ɗaya kuma ta ɗora shi a kan tebur a kife, koren tauraron yana sama, da 'yar takarda a gefe mai sunan Haruna da sunan Tsafe. Dibora ta kai masa. Ya duba, ya duba, ya ce, "Ashe tana da ido." Daga nan ya shiga faɗa da Jibril a kan wani ɗinki.

Ke ce kika tsaya tsakanin mutum biyu da ba za su taɓa haɗuwa ba, kowanne yana da gaskiyarsa, ba ki rufe wa ɗaya ido don ki faranta wa ɗayan ba. Mai kai hoto inda ƙafa ba ta zuwa. Na'urar da ke gabanki kowa zai iya saye, kuma na ji an fara buɗe irin shagonki a Tudun Wada, yara masu saurin hannu da za su fi ki sanin maɓallai kafin baɗi. Ina yi musu fatan alheri. Ina kuma roƙonsu, kafin su koyi sa rubutu ya riƙa walƙiya a shafi, su je su zauna a shagon Maman Favour su ga yadda ake hawa mota a kai wa tsoho takarda, a karanta masa abin da aka rubuta da sunansa, a jira ya ce ya yarda. Masu manyan ofisoshi da ke magana da sunanmu kullum ba su taɓa tambayarmu ba, su ma ƙofar a buɗe take, ko da yake ban sa rai ba.

Mun gode, Dibora. Dukawan Tsafe sun gode, matan Bunguɗu sun gode, ni ma na gode, da bakin da bai saba ba. Allah ya ƙara lafiya, ya tsare idon da hannun, ya sa 'ya'yanki su yi miki abin da kika yi wa iyayen wasu. Wannan rubutu shi kaɗai ne abin da aka taɓa bugawa da sunanki ba a nuna miki ba tukuna. Na san da na kawo miki, da kin ce a cire rabi.